Man Ɗoɗɗoya: Amfaninsa da Hanyoyin Kauce wa Haɗarinsa

Maƙasudin wannan jawabi shi ne jawo hankalin 'yan ƙasa game da wani mai da ake sayarwa cikin ƙananan kwalabe a kantuna da kasuwanni, watau man ɗoɗɗoya.

Ɗoɗɗoya ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Yarabawa suna kiranta efinrin, Ibo kuma nchanwu. Tun kaka da kakanni ana sa ganyenta a miya da farfesu, ana kuma turara ɗaki da shi domin korar sauro. Saboda wannan sabo, mutane da yawa suna zaton man da ganyen abu ɗaya ne. To, a nan kuskuren yake.

Da tururin ruwan zafi ake tatso man daga ganye, kuma kilo 100 na ɗanyen ganye bai kan ba da ko kilo 1 na mai ba. Ke nan 'yar kwalba guda ta tattara ƙarfin tulin ganyen da ba wanda zai iya cinye shi a zama ɗaya. Masar da Indiya da Madagaskar suna cikin ƙasashen da suka shahara wajen tatsarsa.

Man yana da amfani ƙwarai. Masana'antu suna sa shi a turare da sabulu, da kuma ɗan kaɗan a kayan abinci domin ƙamshi. Masu bincike sun ga yana kashe waɗansu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, amma wannan bai mai da shi maganin sha ba. Yana korar sauro na ɗan lokaci kawai, don haka bai maye gurbin gidan sauro ba, balle ya warkar da zazzaɓin cizon sauro. Mai zazzaɓi, asibiti ya kamace shi.

Haɗarinsa kuwa daga sinadaran da ke cikinsa yake. Wani irin man yana ɗauke da yujinol, wanda ake samu a kanumfari, mai iya ƙona fata. Wani kuma yana da estiragol da yawa, wanda ya haddasa wa ɓeraye sankarar hanta da aka ba su shi da yawa. Dalili ke nan a shekarar 2001 kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai ya ba da shawara a rage amfani da estiragol. Ganyen miya kam, ba laifi a ci gaba da cinsa.

Saboda haka lalle ne a kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

1. Kada a sha man, kada kuma a ɗiga shi a ido ko kunne ko hanci.

2. Kada a shafa shi tsagwaronsa. A ɗiga ɗigo 1 cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ko man gyaɗa, a gwada a damtse, a jira awa 24. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari.

3. Mata masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara su nisance shi.

4. A ajiye kwalbar a rufe, nesa da wuta da hannun yara.

5. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC kafin a sayi duk wanda ake talla da sunan magani.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada kuma a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhu. A gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar. In ido ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a ga likita.

Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan jawabi ya sanar da iyalinsa da maƙwabtansa, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.