Haɗarin Hauhawar Suga a Jini: Lacca ga Malamai da Ɗalibai



Ciwon suga daɗaɗɗiyar cuta ce, har Ibn Sina ya siffanta ta a littafinsa Al-Ƙanun fiɗ-Ɗibb. Amma maƙasudina a yau shi ne sa'ar da wannan cuta, wadda mutum kan zauna da ita shekaru yana ta hidimominsa, take juyewa ta zama musibar da ke iya ɗauke rai cikin kwana ɗaya ko biyu.

Asalin al'amarin shi ne, abincin da muke ci yakan zama suga a jini, sugan kuwa ba ya shiga tsoka ya zama ƙarfi sai da wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa. Idan insulin ya yanke, misalin jiki shi ne maigidan da sitonsa ke cike da hatsi, amma mabuɗi ya ɓace, iyali na kukan yunwa. Sai jiki ya koma ƙona kitsensa, ƙonawar kuma ta haifar da sinadaran kiton, waɗanda idan suka taru sukan mai da jini mai tsami. Daga nan sai amai, da ciwon ciki, da wani irin wari a baki kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce kima, sa'an nan wani numfashi mai zurfi da sauri, wanda likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana a 1874. Wannan nau'i na farko na musibar ya fi samun yara da samari, kuma sau da yawa da shi ake fara sanin yaro yana da ciwon. Kafin 1921, lokacin da Banting da Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, duk wanda ya kai wannan matsayi sai dai a jira ajalinsa. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa, ya kuwa rayu.

Nau'i na biyu na musibar shi na fi jin tsoro, domin a hankali yake zuwa, kuma dattawa yake kamawa. Da zarar suga ya haura wajen 180 a ma'aunin miligiram, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari, shi kuwa ba ya fita sai ya ja ruwan jiki tare da shi. To, idan tsoho ya yi kwanaki yana yawan fitsari da ƙishirwa, ba ya iya shan abin da zai mayar da wanda ya zubar, sai sugan ya haura 600, jini ya yi kauri, jiki ya rasa ruwan da zai kai lita tara, hankali ya fara gushewa, har a kai ga farfaɗiya ko dogon suma. Haɗarin mutuwa a wannan nau'i ya fi na farkon nesa ba kusa ba.

A nan ne, jama'a, laifinmu yake. Tsoho ya fara sambatu, sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Yaro yana amai, sai a ce zazzaɓin sauro ne. Mai ƙishirwa kuwa, saboda tausayi, a miƙa masa lemon kwalba ko kunun zaƙi, a ƙara masa abin da ke halaka shi. Ban hana addu'a ba, Allah Ya kiyaye, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Mafi yawan sababin wannan bala'i biyu ne: wata cuta ta shigo, kamar zazzaɓin sauro, ko ciwon huhu, ko gyambon ƙafa, ko kuwa an bar allura, imma don tsada, imma don wani mai magani ya ce an warke. Akwai kuma kuskuren da masu hankali ma suke faɗawa, wato su ce tun da majinyaci ba ya cin abinci, sai a dakatar da insulin, alhali kuwa rashin lafiya ƙara buƙatarsa yake yi. Ga ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone da 'yan matanmu ke sha ba da izinin likita ba, su ma suna ɗaga suga.

Game da azumi, shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, likitoci kuma sun yi ittifaƙi cewa mai ciwon suga ya karya azuminsa idan gwaji ya haura 300, ko ya sauka ƙasa da 70; wanda kuwa ya shiga irin wannan hali dab da Ramadan, kada ya ɗauka sai likitansa ya yarje masa.

Maganin ba na gida ba ne. A asibiti, ƙarin ruwa ake farawa da shi, sa'an nan insulin ta jijiya a hankali, ana lura da gishirin fotasiyam domin kada zuciya ta rikice, ana kuma neman cutar da ta tayar da fitinar.

Saboda haka ina roƙonku, duk gidan da ke da mai ciwon suga a nemi na'urar gwaji, a koya wa mutum biyu amfani da ita. In kuwa kuka ga amai, ko numfashi mai zurfi, ko gushewar hankali, kada ku jira gari ya waye, ku kai shi asibiti a wannan dare.