Ɗaukar Hoton Zalɓe a Fadamun Rano da Kibiya



Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ɗalibi ko ma'aikacin hukuma da hoton tsuntsu? To, amsarmu ita ce, zalɓe ba ya tsayawa inda babu abinci. Duk inda muka gan shi tsaye cikin ruwa, akwai kifi da kwaɗi, wato fadamar tana da rai. Hotonsa kuwa shaida ce.

Mu ɗauki ƙasar Rano da Kibiya. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan wannan yanki na damina ne, sai abin da ya rage a rafuka da kududdufai. Madatsar ta kawo tafki da noman rani a Kadawa, tsuntsayen ruwa suka sami mazauni. Amma ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Irin wannan canji, dattawan da suka gan shi suna ƙarewa, kuma abin da aka riƙe da ka, tare da mai shi yake tafiya.

Sai mu san wanda muke nema. Zalɓe yakan naɗe wuyansa in yana tashi, saɓanin shamuwa da gauraka masu miƙe nasu. Akwai mai baƙin kai, ɗan gida, wanda kan yi sheƙa a manyan itatuwa da damina, yana farautar ɓera da fara har cikin gonaki. Akwai kuma mai jan wuya, mai ɓuya cikin ciyayin bakin ruwa, wanda wasunsu daga Turai suke zuwa cin rani. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, masana a Holan sun lura cewa masu komawa ƙasarsu sun ragu. Ashe ruwanmu ya shafi nasu.

Aikin kansa haƙuri ne. Mu fara gaida mai unguwa da masunta, domin su suka san inda tsuntsun ke sauka. Mu isa bakin ruwa bayan asuba, da tufafi marasa haske, rana tana bayanmu. Mu zauna, mu daina motsi. Wanda ya bi zalɓe, bayansa kaɗai zai ɗauka, amma wanda ya jira zai gan shi ya daskare, sa'an nan ya cafki kifi kamar ƙiftawar ido. Ranar da hazo ya yi yawa, hoto ba ya fita sarai. Kada mu jefa dutse don ya tashi, kada kuma mu kusanci sheƙa, gama in uwa ta gudu, rana da hankaka ba sa jira.

Abu mafi muhimmanci, kowane hoto a rubuta masa rana da wata da shekara da sunan wuri, ko da da waya aka ɗauke shi. Gobe wasunmu ne za su zauna a ofis, a kawo musu takardar sare itatuwan bakin rafi ko cike wata fadama. A ranar, hoton Ruwan Kanya ko na wani kududdufin Kibiya, ɗaya na bana ɗaya na shekara 10 baya, zai fi dogon jawabi amfani.