Jawabi Game Da Haƙƙin Naƙasassu A Dokar Ƙasa



A manyan garuruwan ƙasar Hausa an daɗe da sanin sarautar Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare. Sarakuna kan naɗa su domin su shugabanci 'yan'uwansu, su raba gardama a tsakaninsu, sa'an nan su kai kukansu fada. Ashe ke nan magabata sun ɗauki naƙasasshe a matsayin ɗan gari mai murya. Sai dai hanyar abincin da al'ada ta bar masa ba ta wuce sadaka ba, watau ya zauna ƙofar masallaci ko bakin kasuwa yana jiran abin da mai wucewa zai jefa masa cikin ƙoƙo.

Yanzu akwai doka a kan wannan al'amari, kuma ya wajaba kowa ya san ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 ta zama shekarar naƙasassu, ta kuma zartar da yarjejeniyar kare haƙƙinsu a 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010. Bisa ga wannan ne Majalisar Tarayya ta yi dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu cikin watan Janairu na shekarar da ta biyo, watau 2019. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a Abuja domin ta lura da aikin dokar. Wanda duk aka kama da laifin nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. Idan kamfani ne, tarar Naira 1,000,000 ce. Haka kuma an umurci ma'aikatun gwamnati da su bai wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsu, a kuma fara sallamarsu duk inda ake bin layi.

Batun gine-gine shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Mai lafiyar ƙafa ba ya ƙirga matakalar asibiti ko ta banki, hawa kawai yake yi. Gurgu kuwa yakan bar kekensa a ƙasa, ya ja jiki bisa siminti da hannuwansa, tufafinsa na sharar ƙura, mutane na kallo. In ba haka ba, sai ya jira wani ya ɗauke shi kamar jinjiri, alhali magidanci ne mai iyali. Saboda haka doka ta ce kowane ginin da jama'a ke shiga lalle ne a yi masa hanya mai gangare wadda keken guragu zai iya bi, a kuma sa na'urar hawa inda akwai bene. An ba masu gine-gine wa'adin shekara 5 su yi gyara, wa'adin kuwa ya cika tun watan Janairu na 2024. Duk da haka har yanzu akwai ofisoshi da makarantu masu yawa, har da na gwamnati, waɗanda ba a taɓa ba. Abin mamaki, gangaren ƙofa ɗaya bai ci fiye da 'yan buhunan siminti da aikin magini na kwana biyu ba. Masu duba zanen gini su ma doka ta ɗora musu nauyin tabbatar da wannan tanadi kafin su amince da sabon gini.

Sai maganar bara. Doka ta haramta a ɗauki naƙasasshe ana yawo da shi a titi ana karɓar kuɗi da sunansa. Wani ɓarnan kuma ba a cika lura da shi ba: yaron da ke yi wa makaho jagora tun safe har magariba, shi ma ya rasa makaranta. Naƙasa ɗaya ta cinye rayuwar mutum biyu.

Iyaye su sani ɗan da aka haifa kurma ko makaho yana da haƙƙin ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato, tana koyar da rubutun da ake karantawa da yatsa tun 1953, a Kano kuma akwai makarantar Tudun Maliki. Kulle yaro a ɗaki don gudun surutun maƙwabta zalunci ne. Masu unguwanni da limamai su ne suka san gidajen da irin waɗannan yara suke, su ne kuma iyaye za su saurara.

Wata naƙasar ana iya tare ta tun ba ta auku ba. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, amma akwai wani nau'inta da ke ɓulla inda yara ba su sami rigakafi ba, don haka a ci gaba da ba da yara a ɗiga musu magani. Kuturta kuwa tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, magani kyauta ne, kuma wanda ya je asibiti da zarar ya ga tabo marar jin taɓi a fatarsa ba zai rasa yatsunsa ba.

Naƙasasshen da aka hana wa aiki, ko makaranta, ko shiga mota saboda halin da yake ciki, sai ya rubuta ranar da abin ya faru da wurin, ya nemi wanda ya gani da ido, ya kai ƙara ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Doka ta kuma ba shi ikon zuwa kotu neman diyya, ban da hukuncin da za a yi wa mai laifin.