Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kwalejin Aikin Gona



Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Shugaban kwaleji da malamai, wakilan gwamnati, 'yan kasuwarmu da suka baro rumfunansu, iyaye, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina gaishe ku.

Da labarin buhu na zo muku.

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san aikin ƙwari: ka zuba da kaka, kafin bazara ya zama gari. Shi ya sa wasu ke barbaɗa masa guba, har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya.

Alhali magani ya daɗe da samuwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a arewacin Kamaru suka gano cewa in aka ƙulle wake cikin leda mai kauri, aka hana iska shiga, ƙwarin da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage su mutu. Ba guba, ba toka. Amma dabarar ta yi kusan shekara 20 ba ta kai ga yawancin manoma ba, domin malamin jami'a ba ya ƙera leda, ba shi kuma da rumfa a kasuwar Dawanau.

Sai a 2007 aka haɗa hannu. Masana'antu irin su Lela Agro ta Kano suka shiga ƙera buhun PICS, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Malaman gona suka bi ƙauyuka suna ɗaure buhu a gaban jama'a, su dawo bayan watanni a kwance shi a gaban mai gari. Manomi ba ya sayen labari. Sai da ya damƙi waken ya ga ba huda ko ɗaya.

Malamaina, na san akwai irin wannan bincike a durowarku, ƙura ta rufe shi. Alhazanmu na kasuwa, ku shigo ku duba, ƙofa a buɗe take. Ranka ya daɗe wakilin gwamna, malamin gona ba ya isa ƙauye da ƙafa; a ba shi babur da mai.

Ku kuwa 'ya'yana, kafin ku kai takardunku neman aiki, kowa ya kai wa ɗan kasuwa ɗaya aikin bincikensa na ƙarshe, ya tambaye shi nawa zai saya.

Allah ya sanya albarka a karatunku.