Jawabin Shugaban Kanikawa a Bikin Yaye Yaran Gareji da Ƙaddamar da Rukunin Masu Tseren Mota a Kaduna

 

Mai girma shugaban taro, wakilin mai girma kwamishinan matasa da wasanni, wakilin shugaban ƙaramar hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, tare da dagatai da masu unguwannin da suka rufa maka baya, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da na 'yan sanda, Sarkin Maƙera da Sarkin Direbobi, malamanmu limamai da fastoci, iyayen gidanmu na Panteka, waɗanda a hannunsu da yawanmu muka koyi riƙon sifana, shugabannin masu walda, masu gyaran jiki da fenti, 'yan rewaya, masu faci da 'yan kasuwar kayan gyara, baƙinmu na Zariya da Kano, iyaye mata, 'yan jarida, 'ya'yanmu da ake yayewa yau, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Yaran nan da kuke gani sanye da shuɗin kaya, wasunsu an kawo mana su ba su san lamba goma da sha biyu ba a cikin sifanu. Yau kowannensu zai sauke inji ya mayar, ya ji kukan mota daga nesa ya faɗa maka abin da ke damunta. A wannan zango mun shigar da su horon binciken mota da kwamfuta, mun tura wasu koyon mayar da mota mai amfani da gas, mun tsaya musu har suka zauna jarrabawar gwajin sana'a suka samu takarda. Mun gyara rumfar koyo, mun haƙa ramin duba ƙasan mota, mun kafa asusun taimakon wanda ya ji rauni a bakin aiki. A karon farko kuma akwai 'yan mata a cikin waɗanda za su karɓi shaida, kuma wallahi a aikin wayar mota sun ba maza kunya. Duk wannan da kuɗin aljihun mambobi aka yi shi, da gudummawar 'yan kasuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ku ɗan dakata mini. Wanda yake taka totur a bayan rumfa, a ce ya kashe motar nan. Manya na zaune. Yauwa, Allah ya yi maka albarka.

Abu na biyu da ya tara mu shi ne ƙaddamar da rukunin matasanmu masu sha'awar tseren mota. Na san a cikin iyayen gida akwai waɗanda ba su so ba. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya ce mini taura biyu ba ta taunuwa: ko yaro ya tsaya ga sana'a, ko ya bi wasa. Na ce ranka ya daɗe gaskiya ne, amma yaran nan ko mun yarda ko ba mu yarda ba suna yi. Suna yi da daddare a titin da babu fitila, suna yi ranar ɗaurin aure a gaban gidan amarya, mota na juyi tana hayaƙi, yara ƙanana sun yi mata zobe. Kowa a nan ya san gidan da aka shiga da murna aka fita da makoki saboda wannan. Gara mu jawo abin gabanmu, mu sa masa doka, mu ce ga lokacinsa, ga wurinsa, ga kuma abin da zai sa a kore ka.

Sana'armu da tsere kuwa ba baƙin juna ba ne. A ƙasar Kenya akwai gasar Safari da aka fara a 1953, wadda ake ƙirgawa cikin mafi wuya a duniya saboda laka da ƙura da duwatsu. Joginder Singh, wanda ya ci ta sau uku, yaron gareji ne. A garejin mahaifinsa ya fara da miƙa sifana. A 1965 shi da ƙaninsa Jaswant suka shiga da tsohuwar Volvo PV544, wadda ta riga ta sha wuya a hannun wasu, suka kwance ta suka sake haɗawa da hannunsu, suka zo na ɗaya. Ya sake ci a 1974 da 1976. Abin da ya fi burge ni game da shi, sau 22 ya shiga gasar, sau 19 ya kai ƙarshe. Wannan ba aikin ƙafa mai nauyi ba ne, aikin mutumin da ya san kowane noti a jikin motarsa ne. A 1975 kuma, shekarar da kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a nan Kakuri, Peugeot 504 ce ta ci Safari. Motar da iyayenmu suka yi ta jigila da ita daga Kaduna zuwa Maiduguri, wadda kusan kowane dattijo a rumfar nan zai kwance injinta ido rufe.

To 'ya'yana, ku matso da kunnenku, don ga maganar da ta sa na ajiye takardar da aka rubuta mini.

Motar mai kawo gyara amana ce. Mutum ya miƙa maka makulli da safe, ya hau Keke Napep ya tafi wurin aiki, zuciyarsa kwance. Wataƙila shekara biyar ya yi yana tara kuɗinta. Da ita yake kai yara makaranta, da ita zai kai matarsa asibiti tsakar dare. Kai kuma ka canza mata fulogi, sai ka ce za ka je gwaji, ka ɗauki abokai uku, ka hau hanyar Kachiya ka ga iya gudunta, ka ja birkin hannu a kwana don a yi maka tafi. Ka dawo da yamma ka wanke ta, ka ce maigida ga motarka ta yi lafiya. Tayarta ka cinye, kulocinta ka ƙona, mansa ka ƙarar, kuma ka karɓi kuɗin aiki a kai. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Ran da aka kama mutum ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi kanikawa ba su da amana, mu da muka tsufa a cikin baƙin mai mu kwana da kunyar. Na faɗa a gaban Hakimi, na faɗa a gaban jami'an tsaro: duk wanda aka samu ya yi wasa da motar da aka kawo gyara, ya fita daga rukunin tsere ranar, kuma shaidar da za mu ba shi yau za mu karɓe abinmu. Ko ɗana ne na cikina. Kada ubansa ya zo gidana da asuba neman alfarma.

Haka kayan mutane. Kada in ji an cire sabon shoka daga motar wani an sa a motar tsere, an mayar masa da na gwanjo. Kada in ji an karɓi kuɗin kayan gyara an sayi taya da su, ana ce wa mai mota kaya ba su iso daga Legas ba. Motar tsere taka ce, ko ta haɗin gwiwarku, da guminku za ku ciyar da ita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Ku ware abin gida, ku ware na iyaye, ku ware na sayen kayan aiki, don sabon bakanike da ba shi da jak da akwatin sifanu nasa na kansa har yanzu yaro ne. Abin da ya rage shi ne na tsere. In bai rage ba, a haƙura sai wata mai zuwa.

Lokaci ma haka. Daga safe zuwa la'asar na masu mota ne. Masu zuwa makarantar yamma, ba mu yarda a bar aji don atisaye ba. Motar tsere a taɓa ta bayan an tashi, da ranar hutu, kaɗan kaɗan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai daren gasa ya kwana yana walda, da safe ya zauna bayan sitiyari idonsa ja, kansa ya cuta da na kusa da shi.

Aikin da za ku yi mata kuma shi ne jarrabawarku ta gaskiya. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, kuma in birki ya yi zafi sai man ya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Sabo za ku zuba, ku fitar da iska har feda ta tsaya da ƙarfi. Kejin ƙarfen da zai kare ku in mota ta kife, ba da bututun ruwa ake yinsa ba. Ku je wurin masu waldan da suka san kauri, a kafa shi a jikin mota sosai. Hular kwano, bel mai kyau, abin kashe gobara, babu wanda zai tayar da inji ba tare da su ba. Ɗaurin waya da “zai kai mu” da muka saba, a bar su a ƙofar fili. Na tabbata wanda ya saba da irin wannan tsantseni a motarsa, hannunsa zai gyaru a motar kowa.

Baƙinmu Kanawa, na ga kuna murmushi. Mun ji labarin kuna da gudu. Ku zo da motarku, mu Zazzagawa za mu gyara muku ita bayan kun sha ƙurarmu.

Mai girma wakilin kwamishina, roƙonmu ɗaya ne, a isar mana. Fili muke so a bayan gari, nesa da gidaje, a kewaye shi, a sa ranar da za a riƙa buɗewa, jami'an kiyaye haɗurra su duba kowace mota, motar asibiti na tsaye. A jihar Edo akwai filin tsere, a bikin kamun kifi na Argungu ma an sha yin gasar motoci. Kaduna da ta haɗa wa ƙasar nan mota ba ta rasa kadada kaɗan ba. Share filin da gyaransa mun ɗauka.

Iyayen gida, ranar hutun da yaro ya nema don atisaye, in ya gama aikinsa a ba shi. Iyaye mata, mun gode da haƙurin wankin kayan da ba sa fita.

Ina roƙon babban limami ya yi wa yaran nan addu'a, daga nan sakatare ya fara kiran suna, ranka ya daɗe Hakimi ya miƙa shaida. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare ku a hanya, ya mayar da kowa gida lafiya.