Kuɗin Kamfanoni da Tsoron Ta'addanci a Zaɓen Amurka: Jawabi ga Makiyaya da 'Yan Kasuwar Dabbobi



Maganarmu ta yau a kan ƙasar Amurka take. Mun san wani zai ce ina ruwan mai kiwo da zaɓen ƙasar da ke bayan teku? To, magabata sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma za ku ji cewa a can ma akwai masu kiwon shanu, kuma abin da za mu faɗa ya taɓa aljihunsu. Abubuwa biyu za mu duba, wato kuɗin da manyan kamfanoni da masu su ke zubawa a zaɓe, da tsoron ta'addanci da ya kama jama'ar ƙasar tun 2001. Abin da muke so ku riƙe shi ne, duk lokacin da tsoro ya cika zukata, mai jefa ƙuri'a yakan manta ya tambayi wanda ya biya wa ɗan takara kuɗin yaƙin neman zaɓe.

Mu fara da kuɗi. Tun a shekarar 1907, zamanin shugaba Theodore Roosevelt, majalisar dokokin Amurka ta hana kamfanoni ba 'yan takarar muƙaman tarayya kuɗi. A 2002 wasu 'yan majalisar dattawa biyu, John McCain da Russ Feingold, suka jagoranci wata doka da ta ƙara ɗaure igiyar. Amma ranar 21 ga Janairu 2010 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wata ƙungiya mai suna Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Hukuncin ya ce kamfani ko ƙungiyar ƙwadago na da damar kashe ko nawa suka ga dama wajen tallar ɗan takara ko sukarsa, muddin ba su haɗa baki da shi ba. Saka wa ɗan takara kuɗi a hannu daga baitulmalin kamfani ya ci gaba da zama haram a doka. To amma ku da kuka san kasuwa, kun san wanda ya biya maka la'ada da kuɗin mota da na masauki bai bambanta da wanda ya cusa maka kuɗi a aljihu ba.

Daga nan sai aka buɗe wasu asusu da ake kira Super PAC, waɗanda ke karɓar gudummawa ba iyaka. An ƙiyasta cewa zaɓen 2020 ya ci sama da dala biliyan 14, wato miliyar 14 a lissafin ƙasashenmu masu Faransanci. A zaɓen 2024 mutum guda, Elon Musk mai kamfanonin Tesla da SpaceX, ya kashe sama da dala miliyan 250 don goyon bayan Donald Trump da jam'iyyarsa. Kada ku ɗauka jam'iyya ɗaya ce ke karɓa. Manyan jam'iyyun biyu duka suna da attajiransu. Kuma kuɗi ba kullum suke sayen nasara ba, domin kuwa a 2020 attajiri Michael Bloomberg ya kashe wajen dala biliyan ɗaya yana neman takarar jam'iyyarsa, ya tashi a tutar babu. Abin da kuɗi ke saye tabbas shi ne kunnen wanda ya ci zaɓe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai maganar tsoro. Ranar 11 ga Satumba 2001 'yan ƙungiyar Al-Ƙa'ida suka sace jiragen sama huɗu, suka kashe mutane kusan 3,000 a New York da Washington da jihar Pennsylvania. Wannan ta'asa ce babba, kuma ba mai ganin laifin wanda ya firgita. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane da yawa suka ƙaurace wa jirgin sama suka koma tafiya a mota, kuma wani masani Bajamushe, Gerd Gigerenzer, ya lissafa cewa a cikin shekara guda bayan harin an sami ƙarin mutane wajen 1,500 da suka mutu a haɗarin hanya saboda haka. Ƙasar da hanyoyinta ke cin rai kusan 40,000 kowace shekara ce, amma ba a cin zaɓe da maganar haɗarin mota.

A cikin wannan firgici majalisa ta yi ta zartar da dokoki cikin gaggawa. Kwana uku bayan harin ta ba shugaba George Bush ikon kai yaƙi, kuma a majalisar wakilai mace guda ce, Barbara Lee, ta ƙi amincewa. A watan Oktoba aka sa hannu a dokar da suka kira Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na leƙen asirin mutane. A majalisar dattawa 98 suka yarda, mutum ɗaya ya ƙi, kuma shi ne Feingold ɗin nan da muka ambata. A zaɓen 2002 a jihar Georgia aka yi wa sanata Max Cleland tallar ɓatanci a talabijin, aka haɗa hotonsa da na Usama bin Laden da Saddam Husaini, ana nuna wai yana sakaci da tsaron ƙasa. Mutumin nan ya rasa ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya a yaƙin Vietnam, amma ya faɗi zaɓen. Sauran 'yan siyasa sun ga abin da ya same shi, suka ɗauki darasi. A watan Maris 2003 aka mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi, waɗanda ba a taɓa samu ba.

To ina kuɗi da tsoro suka haɗu? Masu bincike na jami'ar Brown sun ƙiyasta a 2021 cewa yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin sun ci wa Amurka wajen dala tiriliyan 8, kuma mutanen da yaƙin ya kashe kai tsaye sun kai wajen 900,000. Wani rahoto da suka fitar a shekarar ya nuna cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin ma'aikatar tsaro ya tafi ne ga kamfanonin kwangila, kuma kamfanonin ƙera makamai sun kashe dala biliyan biyu da rabi cikin shekara ashirin wajen kamun ƙafa a majalisa da ma'aikatu. A shekarun ƙarshe na wannan lokaci suna riƙe da 'yan kamun ƙafa sama da 700 a shekara, alhali 'yan majalisar duka 535 ne. Kamfanin KBR, wanda a farkon yaƙin reshe ne na Halliburton da mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya shugabanta daga 1995 zuwa 2000, ya sami kwangilar kusan dala biliyan 40 a yaƙin Iraƙi. Ba mu ce kamfanonin nan ne suka kai harin ba, kada a ɗora mana abin da ba mu faɗa ba. Abin da muka ce shi ne sun ci ribar tsoron, kuma mai cin ribar abu ba ya gaggawar ganin ƙarshensa. Tun a Janairun 1961 shugaba Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya gargaɗi 'yan ƙasarsa a jawabinsa na ban kwana game da haɗin bakin sojoji da masu ƙera makamai.

Yanzu mu zo ga shanu. Yayin da hankalin jama'a yake kan yaƙi, kasuwar nama ta Amurka tana hannun 'yan tsiraru. Kamfanoni huɗu, wato Tyson, Cargill, JBS da National Beef, su ke yanka wajen kashi 85 cikin ɗari na shanun da aka turke don nama. Ku ƙaddara kasuwar da masu saye huɗu ne kawai a cikinta. Wa zai yanke farashi? A farkon 2022 fadar shugaban Amurka da kanta ta ce shekara hamsin kafin nan mai kiwo yana samun sama da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin da mai sayen nama ya biya, amma a lokacin rabonsa ya sauko wajen kashi 39. Akwai dokar hana danniya a kasuwar dabbobi tun 1921, sai dai doka ba ta aiki da kanta, sai da 'yan siyasar da za su tsaya mata.

Ɗaya daga cikin huɗun nan, JBS, asalinsa kamfanin ƙasar Brazil ne, kuma a can ne asirin irin wannan hulɗa ya tonu. Shi ne ya fi kowane kamfani ba da gudummawa a zaɓen Brazil na 2014. A 2017 shugabanninsa suka amsa a gaban masu gabatar da ƙara cewa sun ba 'yan siyasa sama da 1,800 kuɗi, kuma uwar kamfanin ta yarda ta biya tarar sama da biliyan 10 na kuɗin ƙasar. Kotun ƙolin Brazil ta hana kamfanoni ba da gudummawar zaɓe tun 2015, wato ta bi hanyar da ta saɓa wa ta Amurka. A Amurka kuwa, kamfanin kaji na Pilgrim's Pride, wanda JBS ke da mafi yawan hannun jarinsa, ya ba da dala miliyan 5 don bikin rantsar da Trump a 2025, ya fi kowa bayarwa.

Wannan yaƙi da ta'addanci bai tsaya musu a can ba, ya iso har ƙasashenmu. A watan Oktoba 2017 aka yi wa sojojin Nijar da na Amurka kwanton ɓauna a Tongo Tongo, Amurkawa huɗu suka mutu, sai ga sanata Lindsey Graham yana cewa bai san ƙasarsa na da sojoji kusan 1,000 a Nijar ba. An kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, sannan a 2024 sojojin suka tattara suka tafi. Mu da ke kwana a daji mun san ta'addanci ba tatsuniya ba ce, mun san abin da ya ci na rayuka da dukiya. Shi ya sa muke da haƙƙin tambayar abin da ake yi da tsoronmu.

Saboda haka, 'yan uwa, duk lokacin da mai neman ƙuri'a ya tsaya gabanku yana kaɗa gangar tsoro, ku saurare shi, sannan ku yi masa tambayoyi uku. Wa ya saya maka motocin nan da rigunan da kake rabawa? Kuɗin tsaron da aka ware bara, ina suka shiga, kuma wa ya sami kwangila? Dokar da kake so a zartar cikin gaggawa, yaushe za ta ƙare, kuma wa zai binciki masu aiki da ita? Ba wanda ke sayen sa bai duba haƙoransa da ƙafafunsa ba, komai daɗin bakin dillali. Ƙuri'a ma haka ya kamata a yi cinikinta, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.