Matar Soja Ma Tana Da Nata Raunin



Da yawa a cikinmu sojoji suka aura, wasu kuma sun kai 'ya'yansu aure bariki. Tun tafiyar dakarun ECOMOG Laberiya a 1990, har yaƙin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, in soja ya dawo gida sai mu je barka, mu watse. Ba mai tambayar matarsa yadda take kwana.

To, ga yadda take kwana. Maigida ya zabura tsakar dare yana ihu, gumi sharkaf. Murfin tukunya ya faɗi, ya miƙe kamar an yi harbi. Ita kuwa sai ta karanci fuskarsa kafin ta buɗe baki, tana ta hana yara motsi. A kwana a tashi barci ya ƙaurace mata, gabanta ya riƙa faɗuwa ba dalili. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa firgicin yaƙi yakan shafi wanda ke zaune da mai shi. Mu kuwa iyakarmu, "Ki yi haƙuri."

Akwai wani horo na natsuwa da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, tun asali don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Mako takwas ake yi, ana haɗuwa sau ɗaya a mako. Mace za ta zauna shiru, ta maida hankalinta kan shigar numfashi da fitarsa. Tunani zai zo, "yau da wace fuska zai shigo?" Ba za ta yi kokawa da shi ba, ba kuma za ta bi shi ba. Ta lura da zuwansa, ta koma kan numfashi. Da yau da gobe takan gane tashin hankali tun yana taruwa a kafaɗa da ƙirji, kafin ya zama kuka ko faɗa. Malamanmu sun sha ce mana "ku natsu" a aji, ashe natsuwar ma koyonta ake yi.

A tsarin, minti 45 ake so kullum a gida. Ina uwar 'ya'ya shida za ta samu wannan? Ni dai a ganina ta fara da minti goma, bayan yara sun tafi makaranta.

Amma a ji ni da kyau. Wannan ba zai warkar da maigida ba, shi likita yake buƙata. In kuwa abin ya kai ga duka, ko ana zancen kashe kai, ba lokacin zaman numfashi ba ne, a gaggauta sanar da manya a tafi asibiti.

Roƙona ga shugabanni, a taro mai zuwa a gayyato ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta zauna da 'yan'uwanmu matan sojoji su kaɗai, ba tare da mazansu ba.